Ƙafar Wa Ce Wannan?

Ni mai lalle ce, hannana kamar yadda ake ce mana a nan Gadarif. Ina aiki a wani ɗan shago bayan kasuwa, mu uku ne a ciki, ɗaya kitso, ɗaya gyaran fuska, ni lalle. A waya nake rubuta wannan, tsakanin mai shiga da mai fita, in na yi tsalle a wani wuri malesh, a yi haƙuri.

Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara biyar. Direban tarakta ne, duk damina yana mashru'i, manyan gonakin dawa da riɗin nan na wajen Basunda. In ya tafi farkon ruwa ba ma ganinsa sai hanya ta bushe, don ƙasar can baƙa ce, ruwa ɗaya ya sauka ta kama taya ta riƙe.

Gidan da ke kallon namu ba ma gaisawa da su tun ina shekara shida. Da can Baba da maigidan tare suke aiki a gona ɗaya, Baba ne wakilin mai gona. Wata shekara an yanke riɗi an jingine shi ya bushe, wuta ta ci rabinsa. Mai gona ya sallami Baba ya ɗora maƙwabcin namu. Baba ya ce maƙwabcin ne ya je ya faɗa wa mai gona wai wutar shayin Baba ce. Shi kuma ya ce tambayarsa aka yi ya ba da amsa. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma na tambaya ya fi sau goma. Da azumi kowane layi maza kan fito da abinci waje su shimfiɗa tabarma ɗaya a sha ruwa tare. Layinmu tabarma biyu ce. Baƙo in ya zo wucewa sai ka ga ana jan hannunsa na dama ana jan na hagu, shi bai san me ya yi ba.

To 'yar gidan ƙawata ce. Aji ɗaya muka yi tun firamare, a layi mu wuce juna kamar ba mu san juna ba, muna shan kwana mu kama hannu. Da muka girma ita ta shiga karatun jinya, ni na shiga lalle, in ta tashi daga asibiti takan biyo shago ta zauna a kan kujerar wankin kai tana ba mu labarin marasa lafiya.

Yaya da rani ba shi da aiki sosai, sai ya fara kawo mini karin kumallo shago. Burodi da wake, kullum guda biyu.

Na ce, "Yaya, cikina ɗaya ne fa."

"Ci ɗaya ki ajiye ɗaya, ko wani zai shigo."

"Wani ko wata?"

"Ke 'yar lalle, bakinki ya fi hannunki aiki."

Shekara biyu suna haka, shi da ƙawata. Ba wani abu, zama a shago gaban mutane, waya, faɗa a kan wanda bai kira ba. Kafin daminar da nake magana Yaya ya samu Baba ya faɗa masa. Ina wanke kofuna ina ji. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce ga 'yan mata cike da gari, tun da mutanen Hartum da Madani suka zo gudun yaƙi ma har sun yi yawa, ya zaɓi wadda yake so, amma ƙafarsa ba za ta taka gidan can neman komai ba muddin yana numfashi. Yaya ya ce tayyib, shi ke nan. Daga baya ya ce mini in aka gama kaka zai tara dattawan unguwa su shiga tsakani. A lokacin kuma akwai wani ɗan ƙanwar babanta mai shago a Showak da ya faye zuwa gaisuwa da kwalin dabino. Ƙawata dariya take masa, ta ce ko ruwa ta ba shi sai ya gode sau uku, kuma babanta bai taɓa ce mata komai a kansa ba. Yaya dai bai yi dariya ba. Ranar da zai hau lori ya ce mini, "Ki zama idona."

Na ce, "Ido ɗaya nawa za ka biya?" Ya daki jakata ya hau.

Yanzu maganar lallen. A wajenmu budurwa ba ta lallen ƙafa. Ɗan zane a hannu, eh. Amma ƙafa baƙa wuluk daga tafi har ƙwauri, wannan na amarya ne da matar aure, kowa ya gani ya san abin da ya gani. Matan Hartum da suka zo sun zo da wani sabon zane, ganye sirara suna hawa kamar yaɗo, amare duk shi suke tambaya, ni kuma hannuna bai zauna a kansa ba. Ina bukatar ƙafar gwaji. Wata Talata babu kowa a shago, ruwa ya hana mutane fitowa, na kalli ƙawata na kalli ƙafarta.

Ta ce, "A'a. Ke mahaukaciya ce? Mamata ta gani ta yanka ni."

"Safa za ki sa. Sati biyu ya goge."

"Safa a wannan zafin?"

"Ba ku kuke sa farar safa a asibiti ba? Kawo nan, ya bit, ke yarinya, ƙafar ma ba wata mai kyau ba."

Ta miƙo. Awa uku muka yi. Ya fito, wallahi ya fito, har mai kitso ta yi guɗa. Na ɗauki hoto, ƙafa kawai, ba fuska ba hannu, na ɗora a sitatus kamar yadda nake ɗora duk aikina, na rubuta abin da nake rubutawa kullum, amaryarmu ta wannan mako. Ban tsaya na yi tunani ba. Ban ma lura da tabon ba, don na saba da shi. Tana da tabon ƙuna a bayan ƙafar hagu, kamar ƙwayar wake, garwashi ne ya faɗo mata muna yara.

Laraba ina da amarya ta gaske. Tun hantsi hannuna biyu cikin lalle, waya tana jaka. Sai la'asar na wanke hannu na duba. Kira uku daga Yaya, da saƙo ɗaya: ƙafar wa ce wannan?

Na yi dariya. Na rubuta masa, ka canka, na sa fuskar nan mai hawayen dariya. Alama ɗaya ta fito, wato bai isa ba. Ban damu ba, don can ba shabaka, wato netiwok, sai sun hau wani dutse kusa da kambo, sansaninsu na gona, suke samu, sau ɗaya ko biyu a mako.

Alhamis da azahar wayar Baba ta yi ƙara yana alwala, ni na miƙa masa. Na ga ya zauna a ƙasa, kan laka, da farar jallabiyarsa. An ce an tsinci Yaya a kor, rafin nan da ke bushe duk shekara sai damina, can ƙasa da mahaya. An ce hanya ba ta biyuwa, mutanen ƙauyen da ke kusa sun yi masa sutura sun binne shi. Inna ba ta ga gawarsa ba.

Kwana ukun makoki ban san yadda suka wuce ba. Na tuna an kafa rumfa ta toshe layi, har bakin ƙofar gidan can. Na tuna maigidan ya fito ya ɗaga hannu ya yi fatiha tare da jama'a, Baba ya ɗaga nasa hannun yana kallon wani wajen. Matarsa ta aiko da abinci kamar yadda maƙwabta ke yi, Inna ta ce a mayar. Ƙawata ba ta shigo ba. Na hango ta sau ɗaya ta katangarsu, ido kawai.

Rana ta uku wani dattijo ɗan Mafaza da ke dafa musu abinci a kambo ya iso, laka har gwiwa. Aka shigo da shi wajen Inna don ta ce sai ta ji da kunnenta.

Ya ce, "Hajiya, lafiyarsa ƙalau ranar Laraba da safe. Ya hau dutse neman shabaka, ya daɗe. Da ya sauko ko abinci bai kalla ba, ya ɗauki jaka. Na ce ina zuwa, ya ce gari. Na ce ɗana kor ya cika, an yi ruwa a Habasha, kada sama ta ruɗe ka don ka gan ta tas, bari gobe. Ya ce ya saba. Na bi shi har bakin gona, wallahi na bi shi."

Inna ta ce, "Wa ya kira shi?"

"Ban sani ba, Hajiya. Wayar ma ruwa ya tafi da ita."

Ina zaune a bayan Inna ina riƙe da butar shayi. A nan ne na haɗa. Laraba, dutse, kira uku. Na ajiye butar na shiga banɗaki na buɗe waya. Saƙona yana nan da alamarsa ɗaya. Na zauna ina lissafin banza. In da na ɗauki kiran farko. Amma hannuna yana cikin lalle. In da na rubuta gwaji ne maimakon ka canka. Amma ai bai isa ba, ko me na rubuta bai isa ba, lokacin da na rubuta ma ƙila ya riga ya shiga ruwa. To ba amsar ba ce, hoton ne. Amma hoton ƙafa ne kawai. Mutum ya ga ƙafa ya shiga kor? Ai sai in dama yana jiran ya ji an ba da ita. Wa ya sa shi jiran haka? Na fito ban san wa zan kalla ba, na ci gaba da zuba wa mata shayi.

Ban faɗa wa kowa ba. Na ce bari a kwana biyu.

Cikin kwana biyun ne wata mata a unguwa, ta je asibiti da jikanta, ta ga ƙawata ta cire safa tana alwala. Kafin magariba labari ya gama layi uku. 'Yar gidan wane ta yi lallen amarya. Ba biki, ba ɗaurin aure, lallen amarya. Sai mutane suka ɗinke zancen da kansu, suka ce sun shirya ne ya zo a ɓoye su je wani gari a ɗaura musu aure, ita ta kira shi, ita ta ce ya taso ko ana ruwa ko ba a yi. Inna ta kama wannan da hannu biyu. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ji shi.

"Sun cinye mana aiki, yanzu sun cinye mini ɗa. Ta yi ado tana jiransa, shi yana cikin ruwa."

Baban ƙawata ya tambaye ta wa ya yi mata lallen. Ta ce wata 'yar Hartum ce, ta koma Kasala. Zanen sabo ne, ba wanda ya san hannuna a kansa, aka yarda. Mata suka daina amsa gaisuwarta. Wata ta ce ba za ta yarda ta yi wa ɗanta allura ba. Sai na ji mamanta na shirin kai ta Mafaza wajen goggonta har maganar ta mutu, ga jarrabawarta ta ƙarshe saura wata biyu.

Na same ta bayan asibiti wajen mai shayi. Ta rame. Na zauna kusa da ita. Na nuna mata saƙon Yaya. Ta karanta, ta sake karantawa, ta miƙo mini wayar.

Na ce, "Zan faɗa."

"Ki faɗa me?"

"Ni na yi lallen, ni na ɗora. Ba ki kira shi ba."

"Na ga sitatus ɗin ai, tun daren Talata." Tana juya cokali a kofin. "Na ga tabon ya fito. Da na ce ki cire da kin cire."

"To me ya hana ki?"

"Na ce Allah ya sa ya gani."

"Don ya ga yadda zai yi miki kyau?"

"Ko don ya tsorata ya daina ce mini bayan kaka, bayan kaka. Ban sani ba. Wallahi ban san wanne ba."

Na je don in sauke kaya, na taso da nata a kan nawa. A raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ina komawa har haushinta na ji, na ce ashe Inna ba ta yi ƙarya duka ba. Kafin in sauka kuma na ji haushin Yaya, babba da shi, direban da ya san kor tun yana yaro. Sai na ji kunyar jin haushin mamaci, na mayar kan Baba. Na shiga gida na tarar da Baba yana ninke rigunan Yaya da kansa, ban iya jin haushinsa ba.

Inna na fara faɗa wa, da safe tana toya kisra, wainar dawar nan mai faɗi. Na tsuguna kusa da murhu na faɗi komai, ban da abin da ƙawata ta ce a wajen mai shayi. Ba ta daina shafa ƙullu ba. Ta ɗaga ɗaya ta ajiye, ta zuba wata.

Ta ce, "Kada in sake jin wannan. Kada babanki ya ji."

"Inna, za su cire ta daga karatu."

"Miƙo mini man can."

Da yamma wata ta shigo gaisuwa, Inna ta sake ba ta labarin ado da ruwa, kalma ba ta canza ba, ina tsaye a wurin.

Ranar sadakar arba'in gida ya cika da mata. An gama cin abinci ana shan jabana, kofi irin namu, wata gwaggon Baba ta tayar da zancen, Inna ta karɓa. Ban shirya ba. Na ji muryata kawai.

"Ni na yi mata lallen."

Mata suka juyo gaba ɗaya. Gwaggo ta ce, "Me yarinyar nan ta ce?"

Na faɗa a tsaye, da tiren kofuna a hannu. Gwaji ne, a shago, ranar Talata, mai kitso shaida ce. Na ajiye tiren na fito da waya, hoton ya zaga hannu hannu, saƙon Yaya ma ya zaga. Wata ta ce Allah sarki, tana rufa wa ƙawarta asiri ne. Wata ta ce a'a ga rana ga lokaci a rubuce. Wata ta ce yaran yanzu da waya, wata ta ce budurwa mai hankali ai ba ta miƙa ƙafa ko an roƙe ta. Gwaggo ta ce duk ku yi shiru, kwanansa ne ya ƙare, ko yana kan gadonsa ranar zai tafi. Kowa ta ce haka ne, haka ne, suka ci gaba da musu. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta ja labule.

Baba ya ji kafin la'asar. Ya kira ni zaure bayan maza sun watse, ya ce in nuna masa. Bai iya buɗe hoto ya girma ba, na sa yatsa biyu na buɗe masa. Ya daɗe yana kallo.

"Ni ƙafa kawai na gani. Ta yaya ya gane?"

Na nuna masa tabon.

Ya ce, "A tsakar gidan nan ta ƙone. Uwarta da uwarki suna suyar bun, 'ya'yan kofi. Ni na ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti, ubanta yana gona." Ya miƙo mini wayar. "Me ya sa bai kira ni ba? Ai da an ɗaura aure a layin nan da na sani."

Ya tashi ya bar ni a zauren. Na ɗauka washegari zai tsallaka layin. Bai tsallaka ba, har yau.

Ba a kai ƙawata Mafaza ba. Ta yi jarrabawarta, yanzu tana aiki a ɗakin yara. Mata sun koma amsa gaisuwarta, har da wadda ta gan ta tana alwala. Ba ta zuwa shago. Sau ɗaya muka haɗu a tashar raksha, na ce na ji kin ci, mabruk. Ta ce Allah ya bar zumunci. Sai ta ce, "Da ana cewa ni na kira shi, aƙalla ana cewa saboda ni ya taso. Yanzu an ce hoto ne." Raksha ta zo ta shiga. Ban gane ko godiya take ba ko zagi, kuma ban ga alamar ita ma ta gane ba.

Inna ta daina ambaton 'yar gidan can, ko da alheri ko da sharri. Ni ma ta rage mini magana, sai kawo wannan, kai wancan. Ba faɗa, ba zagi, abincina yana nan a rufe duk lokacin da na dawo. Watan jiya na dawo daga aiki da wuri na same ta ita kaɗai tana tsince shinkafa. Na zauna na ja tiren wajena, muna tsincewa tare.

Na ce, "Inna, kin yafe mini?"

Ta ɗago ta dube ni sosai, kamar ta daɗe ba ta ga fuskata ba.

Ta ce, "Me kika yi?"

Ba gatse a muryarta, tambaya take. Ta tsaya da hannu cikin shinkafa tana jira. Na buɗe baki, na fara daga Talata, na ga ba daga nan ba ne, na koma ranar da ya hau lori, nan ma ba nan ba ne. Tana ta jira. Sai ta ja tiren ta mayar gabanta, ta ce in je in ɗora ruwa.